Ranar da Na Tsaya wa Takobin Kafaran Illa

A Jibiya na rabu da wuƙaƙena guda uku, tun ban ma taka ƙasar da Faransi ke mulki ba. Ina zaune a bakin kasuwa ina jiran ayarin da zan bi, sai wani mutum mai fara'a da rawani fes ya tsuguna kusa da ni, ya gaishe ni kamar ya san kakana. Ya dubi ƙunshin da ke hammatata ya ce, "Samari, ƙarhe na a ciki?" Na ce ƙarfe ne. Ya ce, "Tau, in kab bi ta duwan da su amshewa za a yi. Kawo in bi ma da su ta daji, mu gamu Maraɗi bakin mahauta gobe da azahar." Duwan shi ne abin da mu nan muke kira kwastan. Na ga furfura a gemun mutum, na miƙa masa har da godiya. Kwana huɗu na yi ina zarya a bakin mahautar Maraɗi, har ungulayen wurin suka san ni.

Sunana Sani, mutumin Riko, ɗan tauri kuma ɗan ɗan tauri. A lokacin ban fi shekara ashirin da 'yan kai ba, Turawa na mulki nan da can. Ubana Bawa, in dai kiɗan tauri ya tashi tsakanin Riko da Gangara, sunansa ake fara kira. Ni kuwa ko na tauna allura na haɗiye, abin da za a ce shi ne, "Ai ɗan Bawa ne." Wannan magana ita ta fitar da ni. Suna nake nema, nawa na kaina.

Wanda bai san tauri ba zai ce wuƙa ai wuƙa ce, in ta ɓace a sayi wata. Ba haka ba ne. Magani gaskiya ne, na sha shi tun ina goye, an yi mini wanka da shi, ga kuma guru a ƙuguna, wato ɗamarar fata mai kauri da aka ɗinke layu a ciki. Amma bayan magani akwai sani. Ka san wuƙarka, ka san inda bakinta ya dakushe. Ka san yadda za ka kumbura ciki ka tura shi gaba ya tari ƙarfe, a danna kada a ja. Ba a faɗin wannan a kasuwa. Ni na tsufa yanzu, babu wanda zai kore ni daga ko'ina.

A Maraɗi dakon gyaɗa na kama, buhu a ka daga safe zuwa la'asar. Akwai wata tsohuwa mai fura a ƙofar rumfar da muke sauke kaya, Iya Hajo. Rana ta farko da na tsaya nesa ina kallon ƙwaryarta, ta yafito ni ta ce, "Kai na ƙasar Ingilishi, yunwa ba ta jin kunya, kai mi kaka jin ma kunya?" Ta dama mini, ta ƙara nono, ba ta sake tayar da maganar ba har na bar garin. Kewar gida kuwa ta dame ni ƙwarai, kuma abin dariya, ba tuwon gidanmu na fi tunawa ba. Tarin Baba a zaure da asuba, shi nake farkawa ina saurare.

Da na ɗan murmure na ari wuƙa na shiga filin tauri ran kasuwa. Ban gama juyi biyu ba makaɗin ya tsai da ganga ya leƙa fuskata ya ce, "Kai ba ɗan Bawa na Riko na ba?" Raina ya ɓaci. Washegari na nemi motar arewa.

Motar ta karye kafin Madawa. Direba ya ce mu jira zai je neman ƙarfen gyara, ya hau jakin wani ya tafi, da shi da kuɗin motarmu ba mu sake ganinsu ba. Muka taka. A rana ta biyu zazzaɓi ya kayar da ni a gindin wata aduwa, abokan tafiya suka ce za su turo taimako, suka wuce. Wani Buzu ne ya tsince ni. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasu. Ya tatsi raƙumarsa ya ba ni, ya ɗora ni a kanta, shi yana ƙasa yana ja, har bakin wani ƙauye. Ya sauke ni kusa da rijiya ya juya abinsa. Ina ta yi masa addu'a da ƙarfi, ko waiwaye bai yi ba.

Da na warke na ƙarasa Tawa, gari ne na jan dutse da tsadar ruwa, kuma alhamdu lillahi babu wanda ya taɓa jin sunan Bawa. Na shiga cikin mahauta, ina fiɗa da safe, ran kasuwa kuma in ari wuƙaƙensu in yi wasa. In za a ba ni, sai in yi kamar ina yaba ƙota, alhali babban yatsana yana karanta bakin. Na lanƙwasa biyu a ciki, na karya ɗaya a wuya. Makaɗa suka fara kiran "Na-Riko," babu Bawa a ciki. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Masauki a gidan Kafaran Illa na samu. Kafaran shi ne kofur a sojan Faransi. Ɗan siririn dattijo ne, kunnensa ɗaya ba ya ji, ya dawo daga yaƙi a wata ƙasa mai nisa da yake kira Indosin. Shi da matarsa Hadiza ne kaɗai a gidan. Sharaɗinmu, in jawo musu ruwa, su ba ni zaure da tuwo.

Safiyar farko ina kwance na ji wata ƙara daga tsakar gida kamar an taka wa mutum ƙafa. Na leƙa. Kafaran ne durƙushe a kan ƙasa da ya share fes, da takobi soke cikin ɗamara, bakin yana kallon sama. Ban taɓa ganin irinsa ba. Namu miƙaƙƙe ne mai baki biyu, wannan kuwa ya ɗan ranƙwafa, bakinsa ɗaya, ƙotarsa doguwa ta hannu biyu, an naɗe ta da zare. Yana zaune shiru kamar mai lazimi, sai kawai na ga takobi a waje, ya riga ya sara, ya tashi ya sake sara daga sama, ya kaɗe shi, ya mayar cikin kube ba tare da ya duba ba. Ya koma ya durƙusa. Ya sake. Haka har rana ta fito.

Na ce, "Baba Kafaran, da wa kake faɗa?"

Ya ce, "Da wanda yat tashi da ni da sahe."

Na duba, ban ga kowa ba sai shi.

A hankali na samu labarin, domin ba mai yawan magana ba ne. A can Indosin akwai wani Bajapane da ya ƙi komawa gida bayan an ci ƙasarsu da yaƙi, yana gyaran motoci a barikinsu. Kafaran ya gan shi yana wannan abu da sanda a bayan gareji, ya tsaya kallo wata guda, ran nan mutumin ya miƙo masa sanda. Shekara huɗu suka yi. Da za su rabu ya ba shi takobin, ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada a zare shi don a ba mutane dariya. Mutanen unguwa suna cewa Kafaran tsafi yake yi, don yana sunkuya wa takobin kafin ya ɗauka. Shi kuwa ya ce gaisuwa ce kawai, kuma tun da liman ya yi masa magana bisimilla yake yi a madadinta.

Ba ya bari a taɓa bakin da yatsa, wai gumin hannu na cinsa. Da tsumma da ɗan mai yake shafe shi. Ya ba ni sandar kanya da ya sassaƙa, ya ce in sara daga sama sau ɗari. Na yi talatin kafaɗuna suka mutu. Ni da nake ɗaga cinyar sa da hannu ɗaya! Ya ce, "Ƙarhi gare ka, shi ka hana ka." Na yi dariya a raina na ce tsoho ya ga abin da ba shi da shi.

Ran wata kasuwa ina tsakiyar fili, kiɗa ya hau mini kai, na karya wuƙar wani Ba'adare, wato ɗan yankin na Tawa, mutane na ta sowa. Sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Takobin Kafaran hwa?"

Ban ko yi tunani ba. Na ce, "Ƙarfe ƙarfe ne! Ko na Japan ne ko na aljannu, a kawo shi!"

Makaɗi ya cafe maganar ya sa a ganga. Kafin in goge gumi an tsayar da rana, kasuwa mai zuwa.

Na tarar labari ya riga ni gida. Kafaran bai yi faɗa ba. Ya ce in ɗauko tsohuwar tabarma in naɗe ta tam a jikin gora, in ɗaure, in jiƙa ta cikin kwatarniya. Da safe ya kafa ta a tsaye. Ya ce in gwada kaurinta da cinyata. Daidai suke. Ya tsaya gabanta da takobin, ya numfasa, na ji wani ɗan sauti kamar an yage ƙyalle. Tabarma na nan tsaye. Har na buɗe baki zan yi tsiya, sai rabin sama ya zame a hankali ya faɗi. Na ɗauka na duba. Goran da ke ciki ya yanke sumul, ko tsaga babu.

Ya ce, "Naku dannawa kuka yi. Wanga ja shika yi. Tahi ka ce masu ka janye."

Na ce, "Ba a janyewa."

Gaskiya na faɗa masa. Ɗan taurin da ya yi magana a gaban ganga ya janye, a tsakiyar fili ake kwance masa warki, wato fatar da muke ɗaurawa, kuma ba shi kaɗai abin ke ci ba. Fatake za su kai labari Riko, Baba ba zai sake fita kiɗa ba har ya mutu. Na fito neman suna, ga shi zan zubar da wanda na tarar. In kuma na tsaya, na ga abin da ya sami tabarma. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Kafaran ya ce shi ba zai zare ba. Amma hakan ma bai fisshe ni ba, domin a gari an fara cewa baƙo ya roƙi maigidansa. Sai ga manzo daga shugaban 'yan taurin Tawa, wai a ba da aron takobin, akwai wani ƙato da zai sara. Hadiza tana bakin murhu ta ce, "Malam, baƙonka na. Cikin gidanka shika kwana. In an kashe shi da ƙarhenka, mi za ka ce ma uwatai?"

Kafaran ya sallami manzon. Da la'asar ya kira ni.

Ya ce, "Ni ka sara. Amma ba maganinka za ni gwadawa ba, hannuna za ni gwadawa. Gurun nan za ni sara, shi kaɗai. Kaurinshi yatsa biyu, shi ɗai na tsakaninka da lahira. Kai aikinka guda: kak ka motsa."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

Ashe shi ne mafi wuya a duk abin da na taɓa yi. Tun ina yaro an koya wa cikina ya tari ƙarfe. Da ya ga abu na zuwa sai ya kumbura ya yi gaba da kansa, ba ya shawara da ni. Kafaran ya tsayar da ni ya auna tazara da tafin ƙafa, ya saro da sandar kanya daga sama. Cikina ya yi gaba, sanda ta same ni, na durƙushe ina neman iska. Ya ce, "Ka mutu. Tashi." Ran farko na mutu sau goma sha wani abu. Ya ce in saki kafaɗu, in fitar da numfashi, in dubi idonsa kada in dubi sanda. Cibiyata ta yi baƙi ƙirin. Hadiza na gasa mini da ruwan zafi tana cewa ba ta taɓa ganin wanda ake duka don ya koyi tsayuwa ba. A rana ta biyar sanda ta wuce ta shafi guru, ni kuwa ina tsaye kamar turmi. Ya ce, "Yawwa. Amma nan babu ganga."

Ran kasuwa har kan katanga mutane. Na tuɓe riga, daga ni sai warki da guru. Kafaran ya shigo da tsohuwar rigarsa ta gida, ba ya kallon kowa. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya tashi. Da ya zare takobin rana ta kama shi, na ga wani layi a bakinsa kamar sawun ruwa a kan rairayi. Fili ya yi tsit, sai makaɗi. Shi kuwa ya dage, yana kiran Na-Riko, Na-Riko, irin kiɗan da ke sa jinina tafasa. Na ji cikina na son tashi. Na dubi idon Kafaran. Na saki numfashi.

Ya yi ƙarar nan tasa. Iska ta wuce ta gaban hancina. Guru ya faɗi a kan ƙafafuna.

Kasuwa ta ɓarke. "Ƙarhe ya ƙi shi! Ya ci guru ya ƙi mutum!" Ni kuwa na ji wani ɗan zafi a ƙasan cibiya kamar cizon cinnaka. Na yi maza na jawo warki sama na rufe. Kafaran ya matso kamar zai gaishe ni, ya ce a hankali, "Ka motsa." Na ga ya kasa mayar da takobin sai da ya duba kube. Daga baya na gane cewa ya ga cikina ya taso, ya fizge hannu baya a tsakiyar sara, abin da ya tsinka masa wani abu a kafaɗa. Aka ɗaga ni sama. Ta kan mutane na hango shi yana fita shi kaɗai, ya riƙe hannu ɗaya da ɗaya.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ya fi komai muni a tafiyar, kuma zan faɗe shi yadda yake. Ban koma gidan ba. Wasu fatake suka ce in bi su Ƙonni da Maraɗi, ko'ina ana son ganina. Na aika aka ɗauko mini ƙunshina. Na ce wa kaina sauri ake yi. Ƙarya ne. Mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ke ƙarƙashin warkina, kuma ba na son haɗa ido da shi. Kunya ce da girman kai suka haɗu.

Wata biyu ina yawo ana yi mini kiɗa. Na ci kaji, na sami riguna, har wata bazawara a Ƙonni ta ce in ba ni ba sai rijiya. Babu wanda ya ƙara miƙo mini wuƙa ma, wa zai ɓata ƙarfensa? Duk garin da na shiga suna ya riga ni, kuma nawa ne, babu na kowa a ciki.

Da hantsi muka wuce duwan, makaɗan Maraɗi na biye da ni. A Jibiya na tarar da rabin Riko sun zo tarye, Baba na gaba da sandarsa. Na zube na gaishe shi. Ya ɗago ni, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa jama'a su ɗan ba mu wuri. Ya ja ni bayan rumfunan hatsi, inda babu kowa sai awaki.

Ya ce, "Ina gurun?"

Na ciro shi daga jaka. Ya juya shi, ya kai yankan kusa da ido, ya shafa da babban yatsa. Fata da zare da takardun layu duk sun yanke a layi ɗaya. Ya daɗe yana dubawa.

"Ɗaga riga."

Na ɗaga. Tabon bai fi tsawon ɗan yatsa ba, siriri kamar zare. Ya dube shi, ya saki rigar.

Ya ce, "Shekara arba'in ina wasa da ƙarhe, Sani. Magani bai yi wanga aiki ba. Hannun mutum na. Wane ne?"

Na gaya masa duka, da tabarma, da sandar kanya, da alkawarin da Kafaran ya karya, da kafaɗarsa. Bai katse ni ba. Can baya makaɗa na ta kiran sunana.

Ya ce, "Mutumin ga ya ba ka ranka, ya bar mani mutuncina, ya ba da hannunshi. Da za ka taho, mi kac ce mashi?"

Na sunkuyar da kai.

"Sani. Mi kac ce mashi?"

Na ce, "Ban koma gidan ba, Baba."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ran da aka binne yayana. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya laluba aljihu ya ciro goron da ya zo da shi don raba wa 'yan tarye, ƙunshi guda cikin ganye, ya danƙa mini.

Ya ce, "Uwarka ta yi wata bakwai tana jira, ta iya ƙara ɗaya. Ka ce mashi Bawa na Riko na gaishe shi. Ka durƙusa in za ka hwaɗi."

Ban shiga kasuwa ba, ban sha ko ruwan Jibiya ba. Na bi ta bayan rumfuna na kama hanyar arewa da ƙafa, kiɗa na raguwa a bayana. Da la'asar sakaliya na isa duwan. Ma'aikacin da ke zaune a inuwa ya ɗago ya ƙare mini kallo.

Ya ce, "Ba kai na kaw wuce ɗazu ana ta yi ma kiɗi ba?"

Na ce ni ne.

"Ina kuma za ka, kai ɗai?"

Na ce, "Tawa. Ban yi sallama ba."